Yadda ake gasa daimon a filasmar haidurojin, da yadda ake karanta abin da ya sami fuskarsa

Wani ɗalibi mai shirin digiri na biyu a fizis ya same ni a gida a Unguwar Rimi bayan la'asar, da takardu biyu a hannu. Ya ce, "Malam, wannan ta ce filasmar haidurojin tana sa fuskar daimon ta yi sumul, wannan kuma ta ce kaushi take ƙara mata. Wacce ce ke da gaskiya?" Na ce masa duka biyun. Ya dube ni kamar na yi masa ba'a.

Ba ba'a ba ce. Filasmar, wato iskar da wuta ta farfasa har take haske, ba ta zuwa da ra'ayinta. Tonon asiri ne aikinta: abin da ta tarar a jikin dutsen shi take fitarwa fili. In ta tarar da fuska mai lafiya sai ta ƙara mata kyau, in kuwa akwai rauni a ɓoye ƙarƙashin ƙyallin, nan za ta dosa ta haƙa rami. Saboda ɗalibanmu na Kaduna da Zariya da ke samun gurbin bincike a ɗakunan gwaji masu na'urar filasma, da masu tunanin kafa ta a gida, bari in jero yadda aikin yake tun daga farko.

Abin da ke faruwa a cikin tanderun

Daimon, wanda wasu ke ce wa lu'ulu'u, kabon ne zalla, ɗan'uwan baƙin da ke cikin fensir, wato girafait. Bambancinsu a jeri ne. A daimon kowane atom na riƙe da maƙwabta huɗu, shi ya sa ya fi kowane dutse tauri, lamba 10 a ma'aunin Mohs. To amma atom ɗin da ke can sama, a kan fuska, ba shi da maƙwabci a samansa. Hannunsa na lilo, yana neman abin kamawa. In oksijin ya kama, fuskar ta zama iri ɗaya. In haidurojin ya kama, ta zama wani iri daban, har ɗigon ruwa da wutar lantarki sai sun shaida.

Na'urar da ake amfani da ita ƙanwar maikirowef ɗin kicin ce, mitarsu ma ɗaya, gigahaz 2.45. Tana farfasa iskar haidurojin, wadda atom ɗinta ke tafiya bibbiyu, ta mayar da su ɗaiɗaiku masu tsananin zafin nema. Su ne ke faɗawa kan daimon. Wasu su kama hannuwan da ke lilo su zauna. Wasu su taru wa kabon guda, su cire shi, su tafi da shi a matsayin iska irin su mitan. Suna cin girafait da sauri ƙwarai, daimon kuwa a hankali, kuma wannan bambancin ne ya sa masu bincike a Tsukuba ta Japan suka iya tsirar da daimon daga iskar mitan da haidurojin a farkon shekarun 1980. Tanderun da ake tsirar da daimon shi ne dai wanda za ka yi wannan aiki da shi, sai dai ka rufe famfon mitan.

Da farko, san dutsenka

Kada ka kunna komai sai ka amsa tambayoyi uku. Ƙwaya ɗaya ce mai jerin atom guda, ko taron ƙananan ƙwayoyi da suka manne? Wace fuska aka yanka? Yaya aka goge ta?

Faifan ƙwaya ɗaya, wanda aka fi sayarwa a milimita 3 sau 3, yakan zo da fuskar da ake kira 100 ko 111, lambobin da ke nuna ta wane gefen jerin atom aka yanka. Ka rubuta wannan a littafinka, domin siffar ramukan da za ka gani daga baya ta dogara da shi. Haka kuma ka tambayi kamfanin da ya sayar maka ko yankan ya karkace daga ainihin fuskar, da digiri nawa. Karkatar digiri biyu ko uku ba ƙaramin abu ba ne a nan, za mu dawo kanta. Faifan taron ƙwayoyi kuwa kamar daɓen tsakuwa yake, ko'ina iyaka tsakanin ƙwaya da ƙwaya, kuma filasma na son iyaka.

Batun guga shi ne wanda aka fi rainawa. Daimon da daimon ake goge shi, a kan faifan ƙarfe mai juyawa da aka shafe da garin daimon da mai. Ido zai ga madubi. A ƙarƙashin madubin akwai siraran kunyoyi duk sun miƙe gefe guda, akwai ƙananan tsaga, akwai wuraren da jerin atom ya gurɗe. Wannan raunin yana iya nitsawa ƙasa da abin da kowane gwajin saman fuska zai nuna maka.

Auna kafin ka taɓa

Nan ɗalibai suka fi faɗuwa. Mutum ya gasa dutse, ya auna, ya sami kaushin nanomita 4, ya zo yana murna ko yana baƙin ciki. Ka tambaye shi da nawa ya fara, shiru. To me ka auna?

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, saboda haka ba aikin ido ba ne. Ana amfani da na'urar AFM, wadda Binnig da Quate da Gerber suka ƙirƙiro a 1986. Allura ce mai tsinin gaske da ke lalube a kan fuska kamar sandar makaho, kwamfuta na zana tudu da kwari. Ka ɗauki aƙalla wurare uku: tsakiya, da kusa da kusurwoyi biyu. A kowane wuri ka yi faɗi biyu, misali maikiromita 5 sau 5 da 1 sau 1. Lambar kaushi tana canzawa da faɗin wurin da aka lalube, don haka faɗin da ka yi amfani da shi kafin gashi, shi za ka maimaita bayansa. Ka kuma tsaya a kan lamba guda cikin hanyoyi biyu na lissafa kaushi, ko Ra ko Rq. Ni na fi son Rq domin ta fi jin ramuka masu zurfi.

Ka ɗauki hoton dutsen gaba ɗaya da maikiroskof, ka nemi wata alama, ko ɗan ɓantare a kusurwa, wadda za ta nuna maka sama da ƙasa. Kada ka ƙarce shi don yin alama. In akwai na'urar Raman, mai haska dutse ta karanta hasken da ya dawo, ka duba zanen da take fitarwa: daimon na ba da tsini siriri a 1332, girafait kuma tudu mai faɗi wajen 1580.

Wanki

A tafasa dutsen a gaurayen asid ɗin salfurik kashi uku da naitirik kashi ɗaya, wajen digiri 200 na Salshiyas, kamar awa guda, cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da tabarau da safar hannu da rigar kariya, kuma ba kai kaɗai a ɗakin ba. Wasu na ƙara asid ɗin fakulorik. In ba a tanadi akwati na musamman dominsa ba, ka bar shi, yana iya fashewa. Bayan ya huce, ɗauraya da tataccen ruwa sau da yawa, sannan asiton, sannan aisofurofanol, kowanne minti biyar zuwa goma a kwanon girgiza, a busar da iskar naitirojin. Ragowar asiton da ragowar asid ba sa haɗuwa a kwalba ɗaya, ko da wasa.

Wankin nan yana cire girafait da ƙarfe da maiƙo, ya bar fuskar da oksijin. Ɗiga ruwa kaɗan ka gani: zai baje ya kwanta. Ɗauki hotonsa daga gefe, za ka buƙace shi.

Hantsakin ƙarfe kuwa ka ajiye shi nesa. Na taɓa ɗaukar dutse da shi don gaggawa, a wani ɗakin gwaji da na yi aiki, bayan gashi na ga waɗansu hanyoyi a gefen fuskar kamar inda gara ta bi. Ƙarfe da nikel, in suka sami zafi da haidurojin, cin daimon suke yi, kowane ɗan ɓurɓushi yana tafiya yana haƙa. Yi amfani da hantsaki mai bakin roba. Mu da ke Kaduna kuma muna da ƙarin abokin gaba: ƙurar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, dutsen da aka bari a buɗe minti biyar a kan tebur ya koma gidan jiya. Daga wanki sai akwati mai murfi, daga akwati sai tanderu.

Sakawa da zuƙe iska

Ɗora dutsen a tsakiyar faifan molibdinom, fuskar da ka auna tana kallon sama. Faifan ya zama mai tsabta. In an yi amfani da shi wajen tsirar da daimon, ko an taɓa sa boron a tanderun, a gasa faifan shi kaɗai a filasmar haidurojin tukuna.

Rufe, ka zuƙe iskar ciki iya ƙarfin famfonka. Sannan ka rufe bawul ɗin famfon, ka zuba wa ma'aunin matsi ido minti goma. In yana hawa, akwai yoyo, kada ka ci gaba. Iskar waje na shigo da oksijin, shi kuwa ya fi haidurojin cin daimon nesa ba kusa ba, sai ka rubuta sakamakon oksijin da sunan haidurojin. Ga kuma haɗari: haidurojin na kama wuta a iska daga kashi 4 har zuwa 75 cikin 100, kuma ba ta da wari ko launi. Tukunyar gas ɗin ta zauna a waje ko a akwati mai iska, a ɗaure da sarƙa, da na'urar gano yoyo a sama kusa da silin, domin sama take tashi. Tsabtar gas ɗin kada ta gaza kashi 99.999.

Wutar lantarki fa? Wanda ya zauna a garin nan ba sai an yi masa bayani ba. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, filasma ta mutu, ruwan sanyaya ya tsaya, famfo ya tsaya, haidurojin kuma na iya ci gaba da kwarara. Dole bawul ɗin gas ya zama irin mai rufe kansa idan wuta ta tafi, famfo da injin sanyaya ruwa kuma su hau kan inbata ko janareta tun kafin a fara. Ba a fafe gora ranar tafiya. A zafin Maris da Afrilu ka duba zafin ruwan sanyaya kafin ka kunna, ba bayan ƙararrawa ta yi kuka ba.

Kunna filasma

Saki haidurojin, kamar 200 zuwa 400 a ma'aunin gudun gas na sccm, ta wanke tanderun minti biyar. Saita matsi ƙasa-ƙasa, tor 10 zuwa 15 (iskar da muke shaƙa tor 760 ce a bakin teku), ka ba da wuta kamar wat 500 zuwa 600. Wani haske mai ruwan hoda da shuɗi-shuɗi zai bayyana. Daga nan a riƙa ɗaga matsi da wuta tare, kaɗan-kaɗan. Wuta ta yi wa matsi yawa, ƙwallon filasmar ya kumbura ya taɓa tagar gilashi, ya ci ta, ya watso maka silikon a kan dutse. Matsi ya yi yawa, ƙwallon ya ƙanƙance ya mutu. Abin da ake so shi ne ya zauna daram a kan dutsen kamar hula. Ka daidaita maƙunnan har wutar da ke komawa baya ta ragu sosai. In ka ga launin ya juya kore, kabon ya yi yawa a iskar, ko famfon mitan na yoyo ko faifan na da datti.

Filasmar ce da kanta ke dumama dutsen, saboda haka zafi ba maƙunni ne mai zaman kansa ba, yana bin wuta da matsi. Ana karanta shi daga nesa ta taga, da na'urar da ke auna hasken abu mai zafi. Sai dai daimon garai yake, haske na ratsa shi, na'urar kan karanta faifan da ke ƙarƙashi. Kuskuren digiri gommai ba abin mamaki ba ne. Don haka kada ka rubuta zafi kaɗai. Rubuta wuta, matsi, gudun gas, irin faifan, da inda ka saita idon na'urar.

Zafi nawa, minti nawa

Nan ne amsar ɗalibin nan take, kuma nan ya kamata ka san abin da ka zo nema.

In haidurojin kawai kake so ya rufe fuskar ba tare da an taɓa siffarta ba, misali don yin taransista, to a taƙaice: digiri 600 zuwa 700, minti 5 zuwa 15. Kaushin da wuya ya motsa sosai.

In ka haura digiri 800 zuwa 900, daga rabin awa zuwa awoyi, ci ya kankama. Abu biyu ne ke gudana a lokaci guda, suna ja-in-ja. Na farko gyara ne. Atom ɗin da ke bakin tudu ko gefen mataki ba shi da maƙwabta da yawa, shi ake fara cirewa, don haka kunyoyin guga sukan dushe, fuskar ta koma shimfiɗaɗɗun dandamali masu ƙananan matakala. A fuskar 100 tsayin mataki guda nanomita 0.089 ne, a 111 kuma 0.206. A kan dandamalin 100, atom ɗin kabon kan haɗu bibbiyu a jere kamar kunyoyin gona, kowanne da haidurojin guda a ka, jerin wannan dandamali ya gitta na wanda ke ƙarƙashinsa. Na biyu ɓarna ce. Duk inda jerin atom ya gurɗe, kamar inda masaƙi ya tsallake zare, haɗin wurin ba shi da ƙarfi, filasma sai ta nutsa ciki. A fuskar 100 ramin kan fito murabba'i, kamar dala da aka kifa, duk suna kallon gefe guda. A 111 kusurwa uku ne, irin waɗanda ake gani a jikin daimon ɗin da aka haƙo daga ƙasa.

Wanne zai yi rinjaye? Dutsenka ne zai faɗa. Mai ƙarancin aibi da aka goge da kulawa zai fito ya fi da kyau. Wanda aka goge da garaje zai fito da ramuka a jere, layi-layi, suna bin sawun guga. Wannan jerin shaida ce mai amfani: ramuka a layi, laifin mai guga ne, ramuka a warwatse masu tsinin gindi, aibin cikin ƙwayar ne, kuma ƙarin lokaci ba zai share su ba, faɗi kawai za su ƙara. Ga inda karkatar yanka ke shigowa. In an yanka dutsen da ɗan gangare, matakala na da yawa kuma kusa da juna, suna ja da baya tare kamar masu shara a sahu, suna share wuri kafin rami ya kafu. In an daɗe kuma, matakalan kan cimma juna su dunƙule su zama manya, fuskar ta yi kamar rairayin bakin kogin Kaduna bayan ruwa ya janye. Taron ƙwayoyi kuwa, iyakokinsa ne ke zurfafa, kowace ƙwaya na ciyuwa da nata saurin, shi ya sa doguwar gashi ta fi ƙara masa kaushi.

Shawarata: kada ka yi awa biyu a tashi ɗaya. Yi minti 10, fitar, auna. Ƙara 20, auna. Ƙara 30, auna. Akwai wahala, amma da dutse guda za ka sami labarin gaba ɗaya, ka ga inda gyara ya tsaya ɓarna ta karɓa. Kuma abu ɗaya ake canzawa a kowane zagaye.

Masu shirin tsirar da sabon daimon a kan tsoho sukan ƙara oksijin kaɗan, kamar kashi 2 cikin 100, don a cinye raunin guga da sauri. Ramuka sun fi fitowa da wannan. Wasu kuma su fara aske saman da filasmar argon da kulorin a wata na'ura daban, wadda ba ta zaɓen wuri, sannan su kawo wa haidurojin. Batun haɗa oksijin da haidurojin ba na gwaji da ka ba ne, sai da mai kula da na'urar a tsaye.

Kashewa

A sauke wuta da matsi a hankali, yadda aka hau. Bayan filasma ta mutu a bar haidurojin na gudana har dutsen ya huce ƙasa da digiri 100. In iskar waje ta same shi da zafi, oksijin zai ƙwace wuraren da ka sha wahalar cikawa. Sannan a zuƙe, a cika da naitirojin, a buɗe.

Karanta sakamako

Fara da mai arha. Ɗiga ruwa: yanzu zai dunƙule ya tsaya kamar a kan ganyen gwaza, kusurwar da gefensa ya yi da fuskar wajen digiri 80 zuwa 90. Kwatanta da hoton farko. Ka tuna kaushi ma na taɓa wannan kusurwa, don haka ɗigon ruwa shaida ce, ba hukunci ba.

Sai mitar auna wuta ta masu gyaran rediyo, irin wadda za ka samu a kasuwa. Daimon mai oksijin ba ya wuce da wuta, mitar ba za ta ce komai ba. Mai haidurojin, bayan ya sha iska na ɗan lokaci, zai wuce da wuta, mitar ta nuna maka kilo-om gommai. Landstrass da Ravi ne suka ba da rahoton wannan a 1989, a 2000 kuma Maier da abokan aikinsa a Erlangen ta Jamus suka bayyana dalili: siririn danshin da ke kwanciya a fuskar yana janye ilektaron daga daimon, ya bar guraben da ke ɗaukar wuta dab da fuska. Tunda danshi na ciki, rubuta yanayin ranar. Awon Agusta da na Janairu a Kaduna ba a ɗaki ɗaya suke kwana ba. Taɓa gefe da bakin wayoyin a hankali, kuma bayan ka gama AFM, ba kafin ba.

A AFM, koma wuraren nan uku, da faɗin nan biyu. Kada ka tsaya a lamba. Abu ne mai yiwuwa Rq na babban faɗi ya hau saboda ramuka, alhali tsakanin ramukan ya fi da sulɓi nesa. Takardun ɗalibin nan biyu, wataƙila wannan ne ya raba su: ɗaya ya auna har da ramuka, ɗaya ya auna tsakaninsu. Ka ba da duka biyun. Ƙirga ramuka a maikiroskof, raba da faɗin wurin, ka sami yawansu a santimita murabba'i. Ja layi ta tsakiyar rami guda ka ga zurfi da gangaren bangonsa. In kana son sanin kaurin da aka cinye, sai ka auna kaurin dutsen ko ka bar wani gefe a rufe tun farko.

Wata 'yar faɗakarwa ga masu aikin cibiyoyin NV, wato wuraren da atom ɗin naitirojin ke zaune kusa da gurbin kabon a cikin daimon, waɗanda ake auna maganaɗisu da su: fuska mai haidurojin tana sauya cajin waɗanda ke kusa da sama, haskensu da ake nema ya dushe. In an gasa don gyaran fuska, sai a mayar da oksijin da wankin asid ko ozon.

In kuwa haidurojin kake so ya zauna, ajiye dutsen a akwati mai murfi, fuskar ba ta taɓa komai. Kada ya kusanci fitilar ozon ko filasmar oksijin, kada a dumama shi a iska ya doshi digiri 300, kada a mayar da shi cikin asid mai zafi. Rubuta kwanan wata a jikin akwatin, bayan mako guda ka sake ɗiga ruwa ka sake sa mita.